Garin hoto ko garin tasha: ina mai doguwar tafiya zai yada zango?

Duk wanda zai yi wata biyu ko uku yana zagaya wata ƙasa, kafin mako na biyu zai gane cewa ɗaure jaka da kwance ta duk bayan kwana biyu yana cin ƙarfi fiye da tafiyar kanta. Shi ya sa mutane da yawa ke neman gari guda su kama ɗaki na wata ɗaya ko fiye, su riƙa fita da safe suna dawowa da dare, ko su yi kwana biyu a wani wuri su komo inda kayansu suke. Galibi ƙaramin gari ake so, domin hayarsa ta fi ta babban birni sauƙi, ana samun barci, kuma ba a daɗewa mai kanti ya san fuskarka.

Wahalar tana wajen zaɓe. In ka shiga intanet ka nemi ƙaramin gari mai natsuwa a kowace ƙasa, waɗanda za su fara bayyana su ne masu kyau a hoto, na kan tudu da na bakin tafki da masu tsohuwar ganuwa. Kusa da kusan kowannensu kuwa akwai wani garin da bai kai shi kyau ba, amma yana da tashar jirgin ƙasa da asibiti da kasuwar da 'yan gari ke cefane. Tsakanin waɗannan biyun zaɓin yake. Ni dai ra'ayina shi ne mutum ya kwana a garin tasha, ya riƙa kai wa garin hoto ziyara. Sai dai ba ko'ina ne hakan ke zuwa daidai ba, kuma ba kowa ne ya dace da shi ba.

A Ostiriya abin ya fi fitowa fili. Hallstatt ƙauye ne da ke maƙale tsakanin dutse da tafki, mazaunansa ba su kai 1,000 ba, kuma tun 1997 yankin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Lokacin da baƙi suka fi yawa, mutum kusan 10,000 kan shiga ƙauyen a wuni guda, har ta kai a watan Agustan 2023 wasu mazauna suka fito suka tare bakin hanyar da ta ratsa cikin dutse ta shiga garin, don a san sun gaji. Bar ma maganar cunkoso, dubi yadda ake isa. Tashar jirgin Hallstatt tana tsallaken tafkin ne. Jirgi zai sauke ka a wani ɗan dandamali a gindin daji, ka gangara siririyar hanya kana jan akwati, ka shiga jirgin fito ya tsallaka da kai. Ranar farko za ka tsaya baki buɗe, kana kallon gidaje suna tasowa daga bakin ruwa wani bisa wani. Bayan mako biyu, ruwan sama na zuba, hannuwanka biyu duk kayan cefane ne, kana ta duba agogo ko jirgin fiton ƙarshe ya tashi, za ka ga abin da wani ido daban.

Bad Ischl yana kan wannan layin dogon, tafiyar kamar minti 25. Gari ne mai mutum kusan 14,000, inda Sarki Franz Joseph ya riƙa zuwa hutun bazara shekara da shekaru, kuma a gidansa na nan ya sa hannu a shelar yaƙi da Sabiya a 1914. A 2024 garin da yankinsa suka riƙe kambun birnin al'adu na Turai. Abin da mai zaman wata biyu zai fi mora shi ne tashar tana cikin gari, da ƙafa ake zuwa, akwai asibiti, akwai manyan kantuna, ga bas mai zuwa Salzburg cikin kamar awa ɗaya da rabi, ga tafkunan yankin ta kowane ɓangare. Rauninsa shi ne layin nasa reshe ne, wanda zai je Biyana, babban birnin ƙasar, galibi sai ya canja jirgi a Attnang-Puchheim. Don haka zango ne mai kyau ga wanda yankin tafkunan ya kawo shi. Wanda ke son ya zagaye Ostiriya gaba ɗaya gara ya matsa kusa da babban layi.

Masu kare garin hoto suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce hayaniyar daga hantsi take zuwa la'asar, kai kuwa a wannan lokacin kana can kana yawonka, in ka dawo motocin baƙi sun tafi, garin ya zama naka. Gaskiya ne, kuma sassafe da maraice a irin waɗannan garuruwa abu ne da ke zama a rai. Inda hujjar ke da rauni shi ne doguwar tafiya ba kullum ake fita ba. Jiki yana neman hutu, akwai wanki, akwai ranar da mura za ta kwantar da kai, akwai ranar aiki ga wanda ke aiki ta kwamfuta. A waɗannan ranakun kana tsakiyar cunkoson, mutane na ɗaukar hoton tagar ɗakinka. In baƙin suka watse kuma, masu kantuna da yawa su ma rufewa suke yi, domin don baƙin suka buɗe. Da hunturu wasu ba sa buɗewa sam. Garin tasha bai taɓa yin tsit haka ba, da safe akwai 'yan makaranta da ma'aikata masu sauri zuwa jirgi, amma kuma ba ya mutuwa a watan Janairu, saboda mutanensa suna nan suna rayuwarsu.

Italiya ce ƙasar da ta fi jarraba mai zaɓe, domin kyawawan garuruwanta sun yi yawa. San Gimignano, mai hasumiyoyi 14 da suka rage daga zamanin da, ba shi da tashar jirgi. Sai ka shiga bas zuwa Poggibonsi, daga can ka nemi wata motar ko jirgi. Kowace fita sai an haɗa jadawali biyu, in ɗaya ya makara ɗayan ya tafi ya bar ka. Orvieto shi ma a kan dutse yake, kyansa bai gaza ba, ga babban cocinsa da aka fara ginawa a 1290, amma Allah ya haɗa masa da layin dogon da ke tsakanin Roma da Firenze a gindin dutsen. Kana fitowa daga tasha za ka ga wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja, ya hau da kai sama cikin 'yan mintuna. Roma awa ɗaya da 'yan kai ce. Abu biyu za ka riƙe: jirage mafiya sauri wucewa suke yi ba sa tsayawa a nan, ɗan jirgin hawa dutsen kuma yana tashi aiki da dare, wanda ya dawo a makare sai bas ko tasi. Mazauna kusan 20,000 ne, sun isa su riƙe kasuwa da kantin magani duk shekara. A cikin duk garuruwan da zan ambata, Orvieto ne ya fi kusa da haɗa kyau da sauƙin zirga-zirga.

A Orvieto ne ma hedikwatar ƙungiyar Cittaslow take, wadda aka kafa a 1999 don garuruwan da mutanensu ba su kai 50,000 ba kuma suka zaɓi tafiyar da rayuwa a hankali. Jerin garuruwanta wuri ne mai kyau na fara bincike, amma kada a ɗauka kowane gari a jerin ya dace da zango. Cikin garuruwa huɗu da suka kafa ta, Greve in Chianti da Positano ba su da tashar jirgin ƙasa.

Lucca ya fi girma, jama'arsa sun kusa 90,000, wasu ma za su ce ya wuce a kira shi ƙaramin gari. Amma cikin ganuwarsa mai tsawon kusan kilomita 4 mota ba ta da yawa, ƙasar a shimfiɗe take, dattijo ko mai ciwon gwiwa ba zai wahala ba. Tasha tana bayan ganuwa kaɗan. Pisa, inda filin jirgin sama yake, kamar minti 30 ce, Firenze kuma ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Wanda ya zaɓi Lucca ya duba kalanda, domin a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ana yin bikin Lucca Comics & Games, mutane dubbai ɗaruruwa ke cika garin, ɗakuna su yi wuya. Wannan darasi ne ga kowane gari: kafin ka biya haya, nemi sanin wane biki ne ke faɗowa cikin watanninka. A Italiya kuma tsakiyar Agusta lokacin hutu ne, garuruwan cikin ƙasa kan yi shiru har wasu kantuna su rufe, na bakin teku su cika maƙil.

Yadda nake auna gari shi ne daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar wurin da za a je, ba daga tasha zuwa tasha ba. Wurin da za a kai cikin awa ɗaya da rabi, tafiyar wuni ce mai daɗi. In ta kai awa biyu zuwa, biyu dawowa, za ka yi ta sau ɗaya ko biyu ka daina, sai ka tarar kana zaune a zango kana kallon taswira. Kowane canjin mota kuma yana ƙara jira da fargaba. Kada ka duba jadawalin ranar Talata a watan Yuli ka ce ka gama. Duba na ranar Lahadi a ainihin watan da za ka je, ka ga ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke barin babban birni zuwa garin. In ƙarfe 7 na yamma ne, to ba za ka taɓa ganin birnin nan da dare ba sai ka biya otal. Kuɗin sufuri ma a sa shi a lissafi, domin ɗakin da ya yi araha a wuri mai nisa kan dawo da tsadarsa ta hanyar tikiti. Inda ake da tikitin wata, irin Deutschlandticket da Jamus ta fito da shi a Mayun 2023, wanda ke aiki a jiragen yanki da bas-bas a duk faɗin ƙasar, garin tasha yana ƙara yin gaba nesa ba kusa ba. Shi wannan tikitin sabunta kansa yake yi duk wata, sai ka soke shi a kan lokaci kafin ka bar ƙasar.

A Maroko zaɓin bai zo da sauƙi haka ba. Shafshawan, wanda taswira ke rubutawa Chefchaouen, garin nan ne mai shuɗin bango a cikin duwatsun Rif. An kafa shi a 1471 a matsayin kagara don tare 'yan Portugal, kuma a wannan shekarar ce 'yan Portugal ɗin suka kama Asila a bakin tekun Atilantika, inda ganuwar da suka gina take har yau. Shafshawan ba shi da layin dogo. Tanja ta haura awa 2 a bas, Fas kamar awa 4, a hanya mai kwana-kwana. Asila kuwa tana da tasha, ko da yake a wajen gari take sai an ɗan shiga mota, kuma ba a kai awa ɗaya ba an isa Tanja. Daga Tanja akwai Al Boraq, jirgi mai sauri da ya fara aiki a Nuwamban 2018, wanda ke tsayawa a Kenitra da Rabat ya isa Kasabalanka cikin awa 2 da 'yan mintuna. Al Boraq ba ya tsayawa a Asila, jiragen gargajiya masu zuwa Fas ne ke bi ta nan.

A lissafin hanya Asila ta ci. Amma Shafshawan ba irin Hallstatt ba ne. Gari ne mai mutum sama da 40,000, hedikwatar lardi, yana da kasuwar da mutanen ƙauyukan dutse ke kawo kaya, in ka bar lungunan da ake ɗaukar hoto za ka iske rayuwa tana gudana yadda ta saba. Asila kuma tana da fuska biyu. A Yuli da Agusta 'yan ƙasar masu hutu suna cika ta, ga bikin al'adun da aka fara a 1978 wanda masu zane ke yi wa bangon gari ado. Da hunturu sai ta koma shiru ƙwarai, ga iska da danshin teku, gidaje da yawa kuma ba su da na'urar ɗumama ɗaki. Wanda ya zo don birane, ya kama ɗaki a Asila a Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba. Wanda ya zo don hawan dutse da hutawa, bai damu da Rabat ba, Shafshawan ba zai ba shi kunya ba, in dai ƙafarsa za ta iya da matakala.

A yammacin Turkiyya babu dogon tunani. Selcuk yana da nisan kilomita 3 kacal daga kufan tsohon birnin Afisa, jiragen da ke tsakanin Izmir da Denizli suna tsayawa a nan, suna kuma tsayawa a filin jirgin saman Izmir, ta yadda za ka sauka daga sama ka isa zangonka cikin kamar awa ɗaya ba tare da ka shiga birni ba. Kana fitowa daga tasha za ka ci karo da ginshiƙan wata tsohuwar kwatar ruwa, da bazara shamuwa ta yi sheƙa a kansu tana kaɗa baki, a ƙasa dattawa na shan shayi. Ga masallacin Isa Bey na 1375, ga kasuwar Asabar. Ƙauyen Sirince mai kyau yana kan tudu kilomita 8 daga nan, ƙananan motocin haya na hawa da sauka duk wuni. Ka je ka wuni, ka sauko ka kwana.

Andalus a kudancin Sifen tana koyar da wani abu dabam, wato a bincika inda tashar take tukuna. Ronda ta shahara saboda gadarta da aka gama a 1793 a kan wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100. Tana da tashar jirgi, amma jiragen ba su da yawa a wuni, hanyar mota zuwa bakin teku kuma duk kwana ce. Antequera, mai mutum kusan 41,000, tana tsakiyar Malaga da Giranada da Kordoba da Sebiya, kuma layin jirgi mai sauri ya bi ta yankinta. Sai dai tashoshinta biyu ne. Antequera-Santa Ana tana can cikin gonaki, kusan kilomita 20 daga gari, ita kuwa wadda ke cikin gari a 2023 aka buɗe ta, kuma ba kowane jirgi ke tsayawa a duka biyun ba. Wanda bai karanta sunan tashar da kyau a tikiti ba zai sauka a fili yana neman tasi. Duk da haka Antequera ta fi Ronda dacewa da zango. Abin da zai hana ni ba da shawararta shi ne watan Yuli da Agusta, lokacin da zafin cikin Andalus kan kai digiri 40.

Akwai waɗanda garin hoto ya fi dacewa da su, kuma ba na son a raina zaɓinsu. Wanda ya zo don ya yi rubutu ko ya murmure daga gajiya, wanda ba zai fita ba sai sau ɗaya a mako, jadawalin jirgi bai dame shi ba. Wanda bai iya ko kalma ɗaya ta yaren ƙasar ba zai fi samun masu jin Turanci a inda baƙi suka saba zuwa, a Antequera kuwa sai ya koyi gaisuwa da ƙirga da Sifaniyanci. Mai motar haya ma lissafinsa daban ne, ko da yake ya sani cewa tsakiyar tsofaffin garuruwan Italiya da yawa an hana motar baƙo shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tara ta biyo baya ko bayan watanni. Wanda kuwa ke tafiya da yara ko dattijo, ko yake shan magani kullum, ko yake da ƙa'ida a abin da yake ci, ko yake son wurin ibada kusa, kada ya sauka ƙasa da gari mai mutum 10,000 zuwa 15,000. Ƙasa da haka wani lokaci likita ko kantin magani ko babban kanti sai an yi musu tafiya. A Ostiriya da Jamus ma yawancin kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, wanda bai yi cefane ranar Asabar ba zai ji a jikinsa.

Takardu su ma suna da ta cewa a zaɓen zango. Ostiriya da Italiya da Sifen da Jamus duk suna cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, inda baƙo mai gajeren zama ke da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma a dunƙule ake ƙirgawa, tsallakawa daga wannan ƙasa zuwa waccan ba ya sabunta kwanakin. Wanda fasfonsa ke buƙatar biza zai nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, ka ga ke nan zangonka shi ke nuna ƙofar da za ka buga. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. Maroko da Turkiyya ba sa cikin yankin, kowacce da nata ƙa'idar gwargwadon fasfon da mutum ke riƙe da shi. Wanda tafiyarsa ta haura wata uku zai iya raba ta, zango ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ko da ma cikin ƙasa ɗaya ne, in tana da tsawo kamar Italiya, zango biyu na wata-wata ya fi guda ɗaya na wata biyu.

In an gama da gari, saura unguwa da ɗaki, kuma a nan ne barci ke samuwa ko ya ɓaci. Ɗakin da ke kallon babban dandali yana tare da ƙararrawar coci da teburan gidan abinci har tsakar dare, na kusa da tasha sosai yana jin jirgin asuba. Nemi wanda ke tafiyar minti 10 zuwa 15 da ƙafa daga tasha, a layin da 'yan gari ke zaune. Tambayi mai gida hawa na nawa ne, akwai injin wanki da wurin girki, me ake ɗumama ɗakin da shi ko sanyaya shi, kuɗin wuta yana cikin haya ko daban, intanet ɗin kuma ya auna maka saurinsa ya turo. Idan hali ya yi, kama mako guda tukuna, ka ga Lahadin garin da darensa, sannan ka zauna da mai gida ku yi maganar wata, domin masu gida da yawa sukan rage wa mai daɗewa, musamman in ba lokacin baƙi ba ne. Wanda neman biza ya tilasta masa nuna masauki na duk kwanakinsa tun kafin ya tashi, ya kama wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ya kuma rubuta ranar ƙarshe ta sokewar a inda ba zai manta ba.